Abin da na koya wajen zaɓa wa mutane ma'ajiyar fayil a intanet

Tambayar farko da kusan kowa ke yi mini idan maganar ajiye fayiloli a intanet ta taso ita ce, "Gigabait nawa suke bayarwa kyauta?" Amsar ba ta da wuya. Google na ba da 15, amma Gmail da Drive da Photos duk a cikin wannan 15 ɗin suke ci. OneDrive na Microsoft 5 ne, iCloud na Apple ma 5, Dropbox 2, Mega kuwa 20. Kafin in rufe baki mai tambaya ya zaɓi wanda ya fi yawa, ya tashi yana ganin ya gama. Shekarun da na yi ina kula da kwamfutoci da takardun ƙananan kamfanoni, da na masu aikin kansu irin masu ɗaukar hoto da masu fassara, sun nuna mini cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Ban taɓa ganin wanda ya shiga uku don ya ɗauki mai 5 ya bar mai 15 ba. Waɗanda na ga hankalinsu ya tashi, duk ranar da suka zo ɗaukar kayansu ne: ko a tarar fayil ɗin babu shi, ko yana nan amma an kasa shiga asusun, ko an shiga amma kwashe kayan zuwa wani wuri ya gagara. Shi ya sa yanzu da ranar ɗauka nake auna kowace ma'ajiya, ranar zubawa kowa gwani ne.

Abin da ya fi cin mutane shi ne rashin sanin aikin da manhajar take yi a kan kwamfutarsu. Idan ka saka Dropbox ko Google Drive ko OneDrive, sai ta buɗe maka folda, duk abin da ka jefa ciki ya hau intanet, ya kuma bayyana a wayarka da kwamfutar abokin aikinka. Mutum ya ga haka sai ya saki jiki, a ransa yana da kwafi biyu ko uku. To madubi ne fa. Abin da ka yi a gabansa shi zai nuna: ka gyara ya gyara, ka goge ya goge, ka lalata ya lalata, kuma a duk na'urorin da ke haɗe da asusun.

Na ga wannan da idona a wani ƙaramin ofis da ke yi wa 'yan kasuwa lissafin kuɗi. Kwamfutar sakatariya ta cika, tana ta nuna jan layi, ga saƙon gargaɗi yana fitowa kowace safiya. Sai ta duba foldodi, ta ga wata ta tsofaffin takardun shekarun baya mai nauyi, ta ce ai wannan tana intanet, ta danna ta goge don a sami wuri. Tunaninta bai kauce hanya ba ko kaɗan, ba wanda ya taɓa yi mata bayani ne. Manhajar ta bi umarni, ta cire foldar daga asusun, ta cire ta daga kwamfutar mai ofis, ta cire ta daga ta ɗayan ma'aikacin. Da yake tsofaffin takardu ne ba wanda ya lura, sai da wani abokin hulɗa ya nemi rasitan wata shekara, lokacin kuwa an haura wata guda. Mai ofis ya kira ni, muryarsa a sama: "Malam, ba kai ka ce komai yana ajiye ba?" Muka buɗe kwandon shara na asusun, wayam. Abin da ya cece su wani tsohon faifan ajiya ne da ke cikin durowa, wanda aka yi kwafi a kansa kafin a koma intanet, shi ma rabin abin kawai ya dawo da shi.

Tun daga nan, kafin in duba girman wuri, sai na duba tsawon kwanakin da kamfani ke riƙe abin da aka goge da kuma tsofaffin kwafin fayil da aka sauya. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙewa sannan ya share. OneDrive na mutum ɗaya ma 30, na ma'aikata da makarantu kuwa 93. Dropbox yana ba da 30 a ƙananan tsare-tsarensa, 180 ko fiye a na 'yan kasuwa. Kwana 30 yana kama da lokaci mai yawa, amma fayil ɗin da ake buɗewa kullum ne kaɗai ake gane ɓatansa da wuri. Takardar yarjejeniya, hotunan aikin bara, lissafin haraji, waɗannan sai buƙata ta taso ake nemansu, buƙatar kuma ba ta duba kalanda. Ga ƙaramin kamfani, bambancin 30 da 180 ya fi ƙarin terabait guda (gigabait dubu) daraja, ko da yake a shafin talla da ƙananan haruffa ake rubuta shi.

Wannan halin na kwaikwayo shi ne ke sa manhajar garkuwa da fayiloli ta yi ɓarna biyu. Idan ta shiga kwamfuta ta kulle takardu tana neman kuɗin fansa, manhajar ajiya ba ta san abin da ke faruwa ba, sauyi kawai ta gani, sai ta kwashi kullallun fayilolin ta ɗora a kan masu lafiya. Mafita a nan ita ce iya mayar da asusun gaba ɗaya zuwa yadda yake a wata rana da ta wuce. Masu biyan Microsoft 365 suna da wannan a OneDrive har zuwa kwana 30 baya, Dropbox ma yana da irinsa mai suna Rewind a tsare-tsaren biya. Inda babu shi, fayil ɗaya-ɗaya za ka riƙa bi kana dawo da tsohon kwafi, ka ƙiyasta fayil dubu goma.

Masu sana'ar nan suna da wata tsohuwar ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Da farko nakan ga kamar ta yi wa mai ƙaramin aiki yawa. Abubuwan da suka faru da manya ne suka sauya mini ra'ayi. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, ta cinye gini guda cike da kwamfutocin ajiya, kuma wasu abokan hulɗa sai a ranar suka gane cewa kwafinsu na ko-ta-kwana a harabar guda yake da na asali. A watan Mayu na 2024, wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ajiyar UniSuper, wani babban asusun fansho na Ostireliya. Abin da ya taimaka musu suka farfaɗo shi ne suna da kwafi a wajen wani kamfanin dabam. Kafin su, a 2014, wani kamfani mai suna Code Spaces ya rufe cikin 'yan kwanaki, bayan wani ɗan kutse ya shiga asusunsu na Amazon ya goge bayanai tare da kwafin ko-ta-kwana, domin duka mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Manyan kamfanonin ajiya ba sa yawan ɓatar da kaya, gaskiya ne, sun fi kowace kwamfutar ofis tsaro nesa ba kusa ba. Amma kwafin da ke ƙarƙashin kalmar sirri ɗaya da na asali, ko a gini ɗaya da shi, ni ba na lissafa shi a matsayin na biyu. Ga mutum ɗaya abin bai wuce faifan ajiya na waje ba, wanda za a riƙa jona shi lokaci-lokaci a yi kwafi a kuma cire shi. Cirewar tana da muhimmanci, don faifan da ke jone kullum duk abin da ya sami kwamfuta zai same shi.

Sai maganar da ta fi ba ni wahala wajen fahimtar da masu kamfani, wato asusun na waye. Yadda abin ke farawa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Akwai wani matashin ma'aikaci da ya fi kowa sanin kwamfuta, aka ce ya buɗe mana wurin ajiya, ya buɗe da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya raba wa kowa foldodi, aiki ya tafi lafiya. Shekara biyu, uku, ya sami wani aikin ya tafi, ko aka rabu ba daɗi. Ranar da aka sayi sabuwar kwamfuta aka zo shiga, sai asusun ya ce ya tura lambar tabbatarwa zuwa waya mai ƙarewa da lambobi kaza, kowa ya dubi kowa. A idon kamfanin ajiya, wanda ya buɗe asusun shi ne mai shi, da duk abin da ke ciki. Ba ruwansu da wanda ya biya albashi.

Wata mai kamfanin tsara taruka ta taɓa ce mini, "To ni ba na ba shi umarni ya buɗe ba?" Na ce, "Ranki ya daɗe, haka ne, amma su ba su san da ke ba." Sai da aka bi yaron da lallami kafin ya miƙa, shi ma don mutumin kirki ne. Ko da ba a rasa asusun gaba ɗaya ba, akwai wata matsalar a ɓoye: a Google Drive na mutum ɗaya, fayil mallakin wanda ya ƙirƙire shi ne ko da yana cikin foldar wani. Ma'aikaci ya share nasa asusun, fayilolin da ya ƙirƙira su bi shi. Wannan ne babban dalilin da nake tura duk kamfanin da ya haura mutum biyu ko uku zuwa tsarin 'yan kasuwa, irin Google Workspace ko Microsoft 365 na kamfanoni ko Dropbox na ƙungiya. Ba don ƙarin wuri ba. A can akwai mai kula da asusu wanda zai iya rufe na wanda ya tafi, ya mayar da fayilolinsa hannun wani, akwai kuma ma'ajiyar haɗaka da fayil ke zama na kamfani ba na mutum ba. Masu kamfani sukan yi tsaki idan sun ji ana biya a kan kowane ma'aikaci, su ce a buɗe asusu ɗaya kowa ya riƙa shiga da kalmar sirri guda. Ana yin haka, yana kuma tafiya, har ranar da aka goge wani abu aka rasa wanda ya goge, ko aka sallami wani aka manta ba a sauya kalmar ba.

Tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata lamba daga wayarka, dole ce, ban ma tsayawa jayayya a kanta. A 2012 an sace bayanan shiga na masu amfani da Dropbox, sai a 2016 aka gane cewa asusu kusan miliyan 68 abin ya shafa. Duk wanda ke maimaita kalmar sirri ɗaya a wurare da yawa, irin wannan satar ta isa ta buɗe sauran ƙofofinsa. Sai dai matakin na biyu shi ma yana kulle mai gida a waje idan waya ta ɓata. Lokacin kunna shi ana ba da wasu lambobin ko-ta-kwana, yawancin mutane sukan wuce su ba tare da sun karanta ba. Ni nakan tsaya sai an buga su a takarda an adana. Na taɓa tarar da wanda ya adana nasa da kyau, amma a cikin ma'ajiyar da lambobin ke buɗewa.

Wani darasin kuma, sharuɗɗan da ka shiga da su ba su ne za ka zauna da su ba. A 2015 Microsoft ta janye alkawarin wuri mara iyaka da ta yi wa masu biyan Office 365, ta kuma sanar da rage na kyauta daga gigabait 15 zuwa 5. Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka daga 1 ga Yuni 2021. Dropbox ya kawo ƙarshen tsarinsa mara iyaka na 'yan kasuwa a 2023, a ƙarshen shekarar kuma Amazon Drive ya rufe baki ɗaya. Google yana da ƙa'idar cewa asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya share shi. Waɗannan duk an ba da sanarwa tun da wuri, ta imel ɗin da galibi ba a karantawa. Wanda ba a ba da sanarwa ba shi ne Megaupload, wani shafin ajiye fayiloli da hukumomin Amurka suka rufe a Janairun 2012. Masu ajiyar halal a ciki sun wayi gari ba su da hanyar isa ga kayansu. Idan na ga "mara iyaka" ko "biya sau ɗaya har abada" a talla, nakan tambayi kaina da me kamfanin zai riƙa sayen faifai da biyan wutar lantarki nan da shekara goma. Kuɗin wata yana da ciwo, amma aƙalla na san abin da ke riƙe da kamfanin.

Tunda sharuɗɗa na sauyawa, dole a san hanyar fita tun kafin a shiga. Nan ma akwai abubuwan da sai an gwada ake gani. Takardar da aka rubuta da Google Docs ba fayil ba ce irin wadda ka sani. Abin da ke cikin foldar kwamfutarka ɗan mahaɗi ne kawai mai kai ka intanet. Ka kwafe foldar zuwa faifai kana murna, ranar buƙata ka tarar babu rubutu ko layi ɗaya a ciki. Sai an fitar da su ta Google Takeout, hanyar da Google ya tanada don sauke kayan asusu, ko an sauke su a siffar Word ko PDF, a nan ma wani tsarin shafi kan ɗan karkace. Ma'ajiyoyin da aka yi don masu fasaha, irin Amazon S3 da ya fara aiki a 2006, suna da arha wajen ajiya, amma akwai kuɗin fitar da bayanai, ana lissafa shi a kan kowane gigabait da ka sauke. Ga kuma lokaci. Gigabait 100 a kan layin da ke ɗora megabit 5 a daƙiƙa zai ci kusan awa 44 ba tsayawa, kuma a yawancin layuka gudun ɗorawa bai kai na saukewa ba. Mai ɗaukar bidiyo da ke da terabait biyu, ya yi wannan lissafin kafin ya biya kuɗin shekara, don wataƙila abin da ya dace da shi faifai biyu ne a wurare biyu, intanet kuma ta ɗauki aikin da aka kammala kaɗai.

Maganar sirri ba na tsawaita ta da kowa, sai wanda aikinsa ya buƙata. Duk manyan kamfanonin suna kulle bayanai a hanya da kuma a ma'aji, amma galibi mabuɗin yana hannunsu, ma'ana suna iya buɗewa idan kotu ta nema. Dokar CLOUD Act ta Amurka ta 2018 ta ba hukumomi damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su, dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a shekarar kuma tana ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan mutanen yankin. Akwai masu kullewa tun daga na'urarka ta yadda su kansu ba sa iya gani, irin Proton Drive da Tresorit da Mega. Lauya ko likita ko ɗan jarida, wannan ya dace da shi. Amma a san farashinsa: ka manta kalmar sirri, ka kuma ɓatar da mabuɗin farfaɗowa, ba wanda zai iya taimakonka, har kamfanin. Ga mutumin da ke manta kalmar sirrinsa duk bayan 'yan watanni, haɗarin kulle kansa ya fi haɗarin leƙen asiri kusa. A aikace ma, yawancin fallasar da na gani ba ta ɗan kutse ba ce. Mahaɗi ne aka saita "duk mai shi zai iya gani", aka tura wa mutum ɗaya, shi ya tura wa wani, shekaru suka wuce yana nan a buɗe.

Idan aka matsa mini in ambaci suna, amsata ba ta da armashi: bi kayan aikin da kake amfani da su. Wanda rayuwarsa ke cikin Word da Excel, OneDrive ya zo masa da terabait guda a cikin Microsoft 365, ba dalilin biyan wani. Masu rubutu tare a takarda ɗaya lokaci guda, Google ya fi musu sauƙi. Mai iPhone da Mac zai ji daɗin iCloud, amma ranar da abokin aiki mai Android ko Windows ya shigo sai an yi haƙuri. Dropbox har yanzu yana da kyau wajen daidaita manyan fayiloli tsakanin na'urori iri-iri, sai dai na kyautarsa na'ura uku kawai yake yarda a haɗa. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda masu talla ke nunawa ba.

Abin da ba na tsallakewa, ko wanne aka zaɓa, shi ne gwaji kafin a kwashe komai a zuba. Nakan sa mai kayan ya zauna da kansa a gaban kwamfutar, hannuna a aljihu. Ya ƙirƙiri folda ya saka fayiloli kaɗan. Ya goge ɗaya ya dawo da shi. Ya ɓata rubutun wani ya adana, sannan ya nemo kwafin da ya gabata. Ya kashe intanet ya ga waɗanne ne ke buɗuwa, domin manhajojin yanzu sukan bar fayil a intanet su nuna sunansa kawai a kwamfuta, sai an zaɓi a riƙe shi a na'ura. Ya fita daga asusun ya sake shiga a wata na'urar ba tare da wayarsa ba, da lambobin takardar nan. A ƙarshe ya sauke foldar gaba ɗaya ya buɗe abin da ya sauko. Bai fi aikin awa guda ba, kuma mataki na shiga ba waya shi ne inda aka fi maƙalewa. Idan aka maƙale a nan, ba ma ci gaba da ɗora komai sai an gyara lambar waya da imel ɗin farfaɗowa, an kuma ƙara mutum na biyu da kamfanin ya amince da shi a matsayin mai kula da asusun.